Mu Ba Jikokin Barde Ba Ne

Unguwar Dala,
Cikin Birnin Kano.

Zuwa ga ɗana Muhammadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sauke ka Zariya lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi a wajen horon sojan nan, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta saka maka a ƙasan jaka, don ba na so ka karanta ta a gabana. Sau biyu na yi niyyar gaya maka abin da ke ciki da baki. Ran Talata na kira ka zaure, ka zo ka durƙusa, na daɗe ina kallonka, sannan na tambaye ka ko ka sayi sabulu. Ka yi dariya ka ce ka saya. Ba sabulu na kira ka in tambaya ba. Bakina ne ya ƙi.

Ka lura ban rubuta Barde a sama ba, alhali tun kana zanen goyo ban kira ka da wani suna ba sai shi. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Kwana goma sha ɗaya ke nan da na san abin da zan gaya maka, har yanzu in na tuna sai in ji kamar an watsa mini ruwan randa.

Ka san labarin da na raine ka da shi: kakanmu na can sama, Barde Jatau, wanda ya yi yaƙi zamanin jihadi, a kan doki fari, da sulke, da tuta a gabansa. To yau zan gaya maka iyakar abin da na ji daga bakin mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Cewa ya yi, "Mai gidan nan na farko ya yi yaƙi zamanin jihadi." Shi ke nan. Bai ce doki ba, bai ce sulke ba. In na matsa masa da tambaya sai ya ce in tashi in ɗebo masa ruwan alwala. Dokin ni na saya wa Barde da bakina lokacin ina koyarwa a firamare, don yara su yi shiru su saurara. Sulken daga baya na ƙara. Tutar kuwa ranar sunanka na kafa ta, da abokaina suka tambaye ni dalilin laƙabin. Abin tsoron shi ne, da na yi ta maimaitawa, ni kaina na yarda. Ina ba ka labarin ina jin tsigar jikina tana tashi, kamar na gani da idona.

Muhammadu, ka kiyayi labarin da ke ƙara maka tsawo. Duk maganar da in ka faɗe ta mutane ke ƙara gyara maka wurin zama, ka tsaya ka tambayi kanka a ina ka samo ta. Ƙaryar da mutum ya yi wa wasu tana da sauƙi, wata rana za a kama shi ya ji kunya ya bari. Wadda ya yi wa kansa ita ce ba mai kama shi.

Ranar da ka kawo takardar shiga soja, bayan ka fita, mahaifiyarka ta same ni ta ce, "Malam, yaron nan fa ba soja yake so ba. Labarinka yake so." Na ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jininsa ne ke kiransa. Ta yi shiru ta ci gaba da tsince shinkafarta. Shekara ashirin da takwas muna tare, na san irin wannan shirun nata, amma na yi kamar ban gani ba. In Allah Ya ba ka mata, ta faɗi magana sau ɗaya ta yi shiru, ka koma ka ɗauki maganar nan ka juya ta. Wadda ake faɗa sau ɗaya ita ce mai nauyi.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi wannan muni, wanda kai ba ka san shi ba don kana da shekara uku aka yi.

Ka san Baba Ila baduku, na sashen baya, mai ɗinka takalma. Kai ka tashi ka ga bango tsakanin sashenmu da nasu, ka ɗauka maƙwabta ne kawai. Da ba haka yake ba. Gida ɗaya ne, zaure ɗaya, akwai ƙofa a tsakani inda yanzu muke jingina buhunan gawayi. Ta zauren nan suke shiga su fita, ta nan ake kawo musu amarya, ta nan ake fitar da gawarsu. Ina yaro a ɗakin uwarsa nake cin tuwo in namu bai yi ba, kuma shi ya koya mini hawan keke, don ya girme ni da shekara goma sha biyu. Yaya Ila nake ce masa.

Da na girma na yi karatun boko na fara jin kaina, sai na riƙa tambayar kaina me ya haɗa mu da su. Mu muna da zaure, kakanninmu fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Su kuwa fata da basilla. Ba wanda ya gaya mini komai, ni na yanke hukunci a raina cewa zuriyar barorin Barde ne da aka bari a bayan gida.

Bayan rasuwar mahaifina da wata biyu, aka taru a zaure kan gyaran soro, don damina ta ci shi. Yaya Ila ya ba da shawara a bi a hankali, a yi yaɓe irin na da, kada a rushe. Ni kuwa siminti nake so. Magana ta yi tsawo, ya ce, "Sani, ai gidan nan namu ne duka." A gaban dattawan unguwa, a gaban ɗansa Sale da bai daɗe da aure ba, na ce, "Gidan Barde na jinin Barde ne. Jininsa daban, jinin bayinsa daban. Alfarma aka yi muku."

Na ga Sale ya yunƙura zai miƙe, sai ya koma ya zauna. Yaya Ila ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya ce, "Allah Ya ba mu haƙuri," ya ɗauki takalmansa ya shige. A satin nan na kira magina suka toshe ƙofar tsakani da bulo. Su kuma suka fasa wata 'yar ƙofa ta lungun baya. Na ɗauka na yi nasara. Shekara ashirin ina gaisawa da shi a masallaci da 'yan yatsu.

Magana zarar bunu ce, ɗana. Amma ba wannan kaɗai nake so ka ɗauka ba. In ka zagi mutum a bainar jama'a ya yi shiru, kada ka ce ba shi da amsa. Wani shirun tausayinka ake ji.

To, da tafiyarka ta matso, sai na yi sha'awar in yi maka kyauta. Na ce zan rubuta salsalarmu tun daga kai har Barde Jatau, suna bayan suna, a buga a takarda mai kyau ka tafi da ita. Da na zauna rubutawa sai na ga daga kakan mahaifina ban san kowa ba. Ni da na shekara talatin ina ba da labarin gidan nan. Sai na hau adaidaita na tafi Soron Ɗinki wajen Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikinsu.

Na same ta a tsakar gida tana shan hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce in matso, ta fara lissafawa da yatsunta.

"Ubanka Garba ɗan Usman. Usman ɗan Haruna. Haruna ɗan Isa. Isa ɗan Dangana."

Ta tsaya. Ina riƙe da biro ina jira. Na ce, "Dangana ɗan Barde ke nan."

Ta ce, "Ni dai a nan aka tsaya mini."

Na yi dariya na ce, "Gwaggo, anya ba ki haɗa da na wani gida ba? Dangana ai irin sunan da ake sa wa bayi ne a da."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin, Muhammadu, har gobe ina jin sa a kunnena. Ta sa aka jawo mata wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado, ta fito da gafaka, jakar fata irin wadda malaman da ke ajiye littattafai, duk ta bushe ta yi baƙi. Ta ɗora mini a cinya ta ce, "Yayana ya ba ni ajiya kafin ya rasu. Ya ce kada in ba ka sai ranar da ka zo da ƙafarka ka yi tambaya. Ya ce kai ba ka tambaya, sai dai ka ba da labari. Na ɗauka zan mutu da ita."

A ciki akwai warƙa uku, rubutun Larabci gauraye da ajami, irin na da wanda ni ba na iya fitarwa. Daga nan ban koma gida ba, na wuce Ƙofar Na'isa wajen Malam Tijjani, abokina tun na makarantar allo, wanda aikinsa ke nan karanta tsofaffin takardu. Ya sa tabarau, ya duba, ya ce wasiyya ce, kuma ba ta asalin ba ce, wani ya sake kwafe ta da hannu daga wadda ta tsufa. Ya fara karantawa a zuci. Na ga ya kai tsakiya ya ɗago ya dube ni, ya sake komawa farko.

Ya ce, "Malam Sani, in karanta duka?"

Na ce ya karanta. Ga abin da ke ciki, yadda ya fassara mini, na kuma sa ya maimaita har na rubuta:

"Ni Jatau ɗan Audu, manomi, na sa limamin unguwa ya rubuta wannan ina cikin hankalina. Lokacin da aka yi kira na fita tare da jama'a da bakana da kwarina, a ƙasa, dakare ne ni. Na yi rani biyu a wajen yaƙi, in damina ta zo in dawo gona. A rani na biyu muka faɗa wa wani gari a kudu da hantsi. Na ga mutum a bakin rijiya. Ya juyo da abu a hannunsa, na sake masa kibiya. Da na ƙarasa sai na ga igiyar guga ce. Akwai yaro ɗan kamar shekara bakwai riƙe da shi. Da aka yi rabo yaron ya faɗo a kasona. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Na sa masa suna Dangana. Daga wannan rana ban sake ɗaukar baka ba. Na 'yanta shi a gaban liman da shaidu. Na ba shi sashen gaba na gidana da zaure, ɗana na cikina Audu ya zauna a baya, domin ni na raba Dangana da gidan ubansa. Na hana duk wanda ya fito daga tsatsona ya tuna wa zuriyar Dangana yadda ya zo gidan nan. Wanda ya yi, ban yafe masa ba."

Malam Tijjani ya kawo mini ruwa, na karɓa, na ajiye shi a gefe. Abin da na fara cewa shi ne, "Ba doki?" Ka ji wauta. An gaya mini mutumin da nake taƙama da shi shi ya kashe kakana, ni kuwa doki nake nema.

Ka fahimta, Muhammadu. Mu ne zuriyar yaron. Ni da kai da ƙannenka, daga Dangana muka fito. Ba ɗigon jinin Jatau a jikinmu.

Abin da na yi bayan nan shi ma sai na gaya maka, don kada ka ɗauka ubanka ya ji gaskiya ya rungume ta nan take. Na kama hannun Malam Tijjani na ce, "Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu." Ya ce shi ba ya fitar da sirrin takardar mutane. Na dawo gida na cusa gafakar a bayan akwatin littattafaina. Washegari na zauna na rubuta salsalar yadda na so tun farko. Na share Dangana, na haɗa Isa da Barde kai tsaye, na kai shagon masu buga takardu aka buga, har da ado a gefe. Na riƙe ta a hannu na fito, na ga ta yi kyau. Kwana uku tana aljihun babbar rigata. Har na yi tunanin in saka gafakar a murhu, in ce wa Gwaggo ta ɓace.

In kunya ta kama mutum, shawarar farko da take ba shi ita ce ya ɓoye. Kada ka karɓi wannan shawara. A aikin da za ka shiga za ka yi kuskure, wani ƙarami wani babba, kuma za a sami wanda zai ce maka, "Ba wanda ya gani." Ka tuna ubanka da furfurarsa ya tsaya a gaban murhu da amanar shekara ɗari biyu a hannu, don kawai kada a ce ya yi ƙarya.

Mahaifiyarka ce ta lura na daina cin abinci. Ran kwana na huɗu bayan la'asar ta zauna a gabana ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa. Na karanta mata. Na zaci za ta ce ai ta gaya mini. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Ni ba takardar ce ta tayar mini da hankali ba, Malam. Ɗan Jatau na cikinsa an ce ya zauna a baya. Wa ke baya?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kwana huɗu ina kukan kaina, ban ko tuna da Yaya Ila ba. Mutanen da na kira bayi a gaban unguwa, na toshe musu ƙofa, su ne jikokin mai gidan. Ni ne aka yi wa alfarma.

Da safe na tafi wajensa. Tafiyar da a da taku goma ce, sai da na fita titi na zagaya ta bayan masallaci na shiga lungun nan mai kwata, wanda mutum biyu ba sa jerawa. Shekara ashirin ta nan suke bi, ni ban taɓa shigarsa ba. Na same shi a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, yana huda fatar takalmi. Ya tsufa ƙwarai, ban lura ba sai ranar. Na yi sallama, na cire takalmina, na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Yaya Ila." Ya ɗago, don rabon da in kira shi haka tun kafin a yi bangon.

Na fito da gafakar. Kafin in ce komai ya dube ta ya ce, "Yalwa ta ba ka ke nan."

Na ce, "Ka san da ita?"

Ya ce, "Kakana ne ya kai aka sake kwafe ta, tare da kakanka. Mu a sashenmu ba ma bukatar takarda. Duk namijin da zai yi aure, ubansa zai kira shi ɗaki ya gaya masa, ya sa shi ya yi alkawari. Haka aka yi mini, haka na yi wa Sale."

Na ce, "Ranar nan a zaure, ka sani ke nan."

"Na sani."

"Sale ma ya sani."

"Shi ya sa na taka masa ƙafa."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, alhali kalma ɗaya ta isa ta kwantar da ni har abada. Ya ajiye basillar ya nuna maƙogwaronsa ya ce, "Maganar ta zo har nan, Sani. Ba zan yi maka ƙarya ba, ta zo. Amma in na faɗa, na sayar da alkawarin mamaci don in huce haushin yini ɗaya. Kuma ga ɗanka ƙarami yana wasa a bakin zaure. Shi me ya yi?"

Kai ne yaron, Muhammadu.

Ya gaya mini ko sunan Barde tsokana ce. Maƙwabta ne suka laƙaba wa Jatau don bai taɓa hawa ko jaki zuwa yaƙi ba, shi kuma ba ya son sunan. Na tambaye shi yadda aka yi mu muka ɗauka mu ne jikokin. Ya ce, "Mai zaure shi ake sani. Ku kuna gaba, kun yi fatauci kun yi suna, aka riƙa ce muku 'yan gidan Barde. Mu kuma an hana mu gyarawa."

Na roƙe shi gafara, ina kuka kamar yaro. Ya ce, "Ni na yafe tun ran nan, don in ban yafe ba ba zan iya riƙe bakina ba." Sai ya ɗauki takalmin ya juya shi. Ya ce, "Amma akwai wadda ba ni da ikon yafe maka a madadinta. Ladi matata. Ita ba ta san sirrin ba, ba a gaya wa mata a sashenmu. Ta rasu tana ganin mijinta an kira shi bawa ya kasa ramawa. Kuma ranar da za a fitar da ita, makara ba ta juyu a lungun nan ba, sai da aka karkata ta. Duk mamatan gidan nan ta zaure suka fita, ban da ita. Wannan kai da Ubangijinka."

Na halarci jana'izar nan shekara shida da suka wuce. Na tsaya a titi tare da jama'a, ina ganin an daɗe ba a fito ba, har ina duba agogo.

Wannan ba shi da gyara, ɗana. Na kira magina, jibi za su buɗe ƙofar, na kuma gaya wa liman ina so in yi magana a gaban dattawan da suka rage cikin waɗanda suka ji ni. Yaya Ila ya ce ba sai na yi ba. Na ce su wasiyyar ta ɗaure, ba ta ɗaure ni ba. Amma duk wannan ba zai daidaita makarar Ladi ba. Akwai laifin da in ka yi, tuba za ka yi ka ci gaba da ɗaukarsa. Shi ya sa nake gaya maka tun kana da sauran ƙuruciya: kafin ka wulaƙanta mutum, ka ɗauka ba za ka sami damar ba shi haƙuri ba.

Saura maganar tafiyarka. Ban ce ka fasa ba. Aikin soja aiki ne, ƙasa tana bukatar masu tsare ta, kuma in ka yi shi da gaskiya lada za ka samu. Amma na tura ka da guzurin ƙarya, dole in karɓe shi. Ba wani jini da ke kiranka. In ka duba zuciyarka ka ga kai kake so, ka tsaya ka yi haƙuri da wahalar horo, Allah Ya yi maka albarka. In kuwa ka ga maganar mahaifiyarka ce gaskiya, ka bi hanyar da doka ta yarda ka dawo gida. Duk wanda ya yi maka dariya a unguwar nan ka turo shi wajena.

In ka tsaya, wata rana za a ba ka bindiga, kuma wata rana wani zai juyo gare ka da abu a hannunsa. Ba ni da ilimin aikinku, ba zan koya maka shi ba. Abin da na sani shi ne Jatau ba mugu ba ne. Manomi ne da ya fita yana ganin yana kan gaskiya, ya ji tsoro na ƙiftawar ido, ya yi sauran rayuwarsa yana biya, jikokinsa ma har yau suna biya. Ina ganin girmansa yanzu fiye da lokacin da na ɗora shi a kan doki. Amma kai ka fito ne daga ɗaya gefen kibiyar. Kada ka manta da wannan in an tura ku wani gari, ka ga mutanen da ba ka jin harshensu. Kada ka ɗaga wa farar hula hannu don kana cikin kaki. Kada ka tambayi abokin aikinka asalinsa don ka auna shi. A sansanin nan za ka kwana da yara daga kowane lungu na ƙasar nan, wani ba ka taɓa jin sunan ƙabilarsa ba. Mai yiwuwa ɗan'uwanka ne na jini, ni da kai ba mu da hanyar sani.

Don iyakar salsalarmu ke nan. Na yaga waccan da aka buga. Ga ta gaskiya, ka riƙe: Muhammadu ɗan Sani, ɗan Garba, ɗan Usman, ɗan Haruna, ɗan Isa, ɗan Dangana, ɗan wani mutum da ya je ɗiban ruwa da ɗansa. Ba mu san sunansa ba. Ba mu san garinsa ba. Ko sunan da ya raɗa wa ɗan nasa ba mu sani ba. Na tambayi Malam Tijjani yadda zan yi masa addu'a alhali ban san ko mai salla ne ba. Ya ce in bar wa Wanda Ya halicce shi. Don haka yanzu in na idar da salla na gama ambaton iyayena, sai in ce, "Ya Allah, da wancan bawan naKa, Kai Ka san shi." Daga nan ba na iya ƙara komai.

In ka sami hutun farko ka dawo, kafin ka cire takalmi a ɗakin mahaifiyarka, ka fara shiga wajen Baba Ila ka gaishe shi a durƙushe. Ya tambaye ni lambar ƙafarka, ban san me yake shiryawa ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare hannunka daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba, Ya tsare harshenka daga irin abin da nawa ya yi. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da a guje ne. Ka riƙa kiran mahaifiyarka in an ba ku waya. Ni kuma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani Garba